A rufe dazukan Bauchi a hana gawayi, ko a tsara harkar?

Ɗan Wunti:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar gandun daji da shari'a da tsaro.

Ana ta kiraye-kiraye a nan Bauchi cewa a rufe dazuka ruf: kada a shiga da babur, kada a sari itace, kada a ƙona gawayi, motar da aka kama da buhuna kuma a ƙwace ta. Masu wannan ra'ayi hujja biyu gare su. Ta farko, daji yana ƙarewa, kuma duk wanda ya bi hanyar Ningi ko ta Alkaleri ya ga buhunan gawayi a jere bakin titi ba sai an gaya masa ba. Ta biyu, 'yan bindiga suna fakewa a dazukan da suka haɗa mu da Filato da Taraba, ana kuma zargin wasu masu shiga daji da kai musu fetur da abinci da labari.

To amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, gas ma ya yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa a cikin gari da gawayi suke girki. Shin gwamna yana da ikon rufe daji da sanarwa kawai? In an rufe, tsaron zai samu? Talaka kuma da me zai dafa tuwo? Don Allah ba rigimar jam'iyya nake nema ba.

Malamin Daji:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bari in fara da lissafin itacen, don shi aka fi tsallakewa.

Yadda ake ƙona gawayi a ƙauyukanmu shi ne a sare itace, a daddatse, a jera shi tsibi, a lulluɓe da ciyawa da ɗanyen ganye, a bi da ƙasa, a bar 'yan kafofin iska, a cinna wuta ta gefe guda. Kwanaki yake yi yana ci a hankali, gwargwadon girman tsibin. Muddin hayaƙin fari ne mai kauri, ruwan jikin itacen ne ke fita. In ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi ya nuna ke nan, sai a toshe kafofin a bar shi ya huce. Asarar tana zuwa ne in an jera ɗanyen itace, wutar ta ƙare wajen busar da shi, ko ƙasar ta tsage cikin dare iska ta shiga wani sashe ya zama toka, ko an yi gaggawar buɗewa ya sake kamawa. Shi ya sa a irin wannan ƙonawa kilo 7 zuwa 10 na itace ke ba da kilo 1 na gawayi. A ɗauka buhu kilo 30 ne: ya ci itace kilo 200 zuwa 300. Motar da ta ɗauko buhu 300 ta kwaso tan 60 zuwa 90 na itace daga daji. Da za a bar itacen ya bushe tukuna, a shimfiɗa gungume a ƙasa don iska ta zagaya, a kafa bututun hayaƙi da aka haɗa da tsofaffin durom, sai a samu kilo 1 daga kilo 4 ko 5. Gawayin bai ragu ba, saran ya ragu kusan rabi.

Sannan ba kowane itace ake nema ba. Kirya ce sarauniya, gawayinta nauyi gare shi kuma yana daɗewa yana ci, shi ya sa maƙera ba sa wasa da shi. Sai marke. Idan waɗannan suka yi ƙaranci a wuri sai gatari ya koma kan kaɗanya da ɗorawa da tsamiya, kuma nan ne ɓarnar ta fi ciwo. Kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, daga nan ta yi ta bai wa mata man kaɗe har jikoki. A sare ta don 'yan buhunan gawayi, an sayar da abincin shekaru da kuɗin cefanen mako. Yanayin saran ma abin lura ne. In an sare da kaifi aka bar kututture, itatuwa da yawa kan yi tofo. In an cinna wa gindin wuta don ya faɗi da sauƙi, an kashe shi har saiwa.

Wani abin da masu cewa a rufe ba sa rarrabewa shi ne, "daji" ba abu ɗaya ba ne. Akwai wuraren da aka keɓe wa namun daji, irin su Yankari da Lame-Burra da Sumu, waɗanda tun asali ba a yarda a sari ko reshe a cikinsu ba. A nan ba sabuwar doka ake buƙata ba, ma'aikata da albashi da abin hawa ake buƙata. Akwai gandun daji na gwamnati, akwai makiyaya da burtali, akwai dajin gari, akwai itacen da ke cikin gonar mutum. Kuma gawayi da yawa daga sharar sabuwar gona yake fitowa: mutum zai sare ko an hana gawayi ko ba a hana ba, sai dai ya ƙone itacen a banza.

Maƙwabtanmu sun gwada hanyoyin biyu. Cadi ta hana gawayi shiga Njamena a farkon 2009 ba tare da an tanadi abin da zai maye gurbinsa ba, har mutane suka koma ƙona kashin shanu da tsofaffin kujeru. Nijar kuwa tun 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara: ƙauye ya samu yankin dajinsa, a ƙayyade abin da za a sara a shekara, harajin itacen da ya fito daga yankin da aka tsara ya fi sauƙi a kan na wanda aka saro barkatai, wani kaso na kuɗin kuma ya zauna a ƙauyen. Tsarin bai rasa ha'inci ba, ana wuce ƙa'ida. Amma a Maraɗi da Damagaram, da manoma suka tabbatar itacen gonarsu nasu ne, sassaben zamani, wato barin tofo biyu ko uku a kututture ana yi musu aski suna girma, ya dawo da itatuwa a fili kusan hekta miliyan 5. Ni a nan nake: a tsare wuraren da aka keɓe da ƙarfi, a hana taɓa itatuwan da ake ci, sauran a tsara.

Barista Mai Shayi:

Malam ya yi bayanin itace, bari in ɗauki tambayar farko. Amsarta a taƙaice: sanarwa ba doka ba ce.

Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, zaman lafiya ko lafiyar jama'a, amma da sharaɗi biyu: ya zama ta hanyar doka, kuma dokar ta zama wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Sashe na 36(12) ya ƙara ɗaure abin: ba a hukunta mutum kan laifi sai an rubuta laifin da hukuncinsa a doka, ta majalisar tarayya ko ta jiha, ko ƙa'idar da aka fitar a ƙarƙashin wata doka. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Legas ta yanke cewa umarnin gwamna na hana fita ranar tsaftar muhalli ba doka ba ne, don haka kamawa da tarar da aka yi a kansa ba su da tushe. Saboda haka in kwamishina ya faɗa a rediyo cewa an hana, abin tambaya shi ne: a ƙarƙashin wace doka, wane sashe? Harkar gandun daji a hannun jihohi take, kuma akwai dokokin daji tun na zamanin Jihar Arewa. Gwamna na iya dogara da su ya fitar da ƙa'ida a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokokinta, ko ya aika wa majalisar jiha ƙuduri. Hanya a buɗe take, sai dai ana ƙyuyar bin ta.

Kada kuma a ɗauka kundin yana gefe ɗaya. Sashe na 14(2)(b) ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati, sashe na 20 ya ɗora mata kare muhalli, har ya ambaci daji da namun daji. Bambancin shi ne waɗannan suna Babi na 2, wanda ba a kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye, su kuwa 'yancin ɗan Adam suna Babi na 4, wanda kotu ke tilastawa.

Inda aka fi taka doka shi ne bayan kamu. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana 2. Ɗan banga ko mafarauci na iya kama wanda ya samu yana laifi, amma aikinsa ya miƙa shi ga 'yan sanda nan take. Ba shi da ikon tsarewa, ko duka, ko yanka tara. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ba ta ware kowa ba. Mota da kaya ana iya riƙe su don bincike, amma ƙwacewa ta dindindin sai kotu ta yi hukunci, bisa sashe na 44. A rubuta adadin buhunan a gaban direba, a ba shi takarda, in kotu ta ce a yi gwanjo a yi a bainar jama'a. In ba haka ba, gawayin da aka kama da safe za ka same shi a kasuwa da yamma, mai sayarwa ne kawai ya canza.

Akwai kuma sashe na 42, na hana wariya saboda ƙabila ko addini ko asali, wanda ba ya cikin waɗanda sashe na 45 ya yarda a taƙaita. Duk umarnin da a aikace ya zama "a tare Bafulatani a bar kowa" ya faɗi tun daga nan.

In za a rubuta dokar, ni abin da zan nema a ciki: sunan dajin da iyakarsa a taswira, ba "dukkan dazuka" ba, wa'adi, a ce kwana 90, wanda ba ya sabuntuwa sai majalisa ta zauna ta ji rahoto, waɗanda aka ɗauke wa, irin su mai gona a ciki da ma'aikacin lafiya da mai kai mara lafiya asibiti, da wurin da wanda aka zalunta zai kai kuka ba tare da ya nemi lauya ba. Wa'adin nan shi ne ƙashin bayan abin. Dokar da ba ta da ranar ƙarewa takan fi matsalar da ta haife ta tsawon rai.

Na Duguri:

Barista, Allah ya ƙara basira, amma akwai inda zan ɗan saɓa muku kai da Malam. Wanda aka sace wa mata da 'ya'ya ba sashe na 41 ke gabansa ba. Akwai lokacin da rufewa ta zama dole: in jami'ai za su shiga wani daji, ba za su iya bambance mai gatari da ɗan leƙen asiri ba, kuma barin farar hula a ciki jefa su ne tsakanin wuta biyu. Rufewar mako biyu ko wata guda a daji ɗaya, tare da farmaki na gaske, ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari.

Abin da ba na goyon baya shi ne a rufe a koma a zauna. An gani a arewa maso yamma. A ƙarshen Agustan 2021 Katsina ta hana motocin itace fitowa daga daji, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ta rufe wasu hanyoyi. A farkon Satumba aka katse layukan waya a Zamfara. Makonnin farko 'yan bindiga sun ji jiki, fetur da abinci sun yi musu wuya. Daga baya suka koma ɗora wa ƙauyuka harajin abinci da mai, fasa-ƙwauri ya samu riba, mutanen ƙauye kuma ba su da wayar da za su kira ɗauki. Kafin ƙarshen shekarar aka fara janye matakan, matsalar tana nan. Tsugune ba ta ƙare ba.

A yi lissafin tsaron ma. Yankari kaɗai murabba'in kilomita 2,244 ne. Ko da a ce fili ne mai kusurwa huɗu daidai, kewayensa ya kusa kilomita 190. Shinge ɗaya a kowane kilomita 5, shinge 38 ke nan. Mutum 6 da rana, 6 da dare, mutum 456, ba a sa masu hutu da masu kai abinci ba. Daji ɗaya fa. Jami'an tsaron dajin da shugaban ƙasa ya amince a ɗauka a Mayun 2025 za su taimaka in an horar da su an biya su a kan kari, amma ba wanda zai iya yi wa daji katanga da mutane. Shingen da ba a biyan masu tsaronsa kuwa, kowa ya san abin da yake zama: kowane buhu da kuɗinsa, wanda ya fi kuɗi ya fi saurin wucewa, kuma ɗan bindiga ya fi mai gawayi kuɗi.

Inda ake kama 'yan bindiga shi ne maƙogwaro, wato hanyar da mai da abinci ke isa gare su, ba kewayen daji ba. Tankin babur irin Boxer bai wuce lita 11 ko kusa da haka ba, don haka tawagar babura 30 na buƙatar fiye da lita 300 kafin ta cika tankunanta sau ɗaya. Wannan man daga wani gidan mai ya fito. A sa gidajen man da ke bakin daji su riƙa rubuta duk cinikin jarka, a bai wa mai injin ban-ruwa da mai injin niƙa kati da adadin da yake sha a mako. A lura da mai sayen burodi da yawan da ya wuce na shagonsa, da mai cajin wayoyi rututu, da dillalin da ke kawo shanu ba shaidar sarkin tike. Masu shiga daji kuma, masu gawayi, masu zuma, masu ganyen magani, makiyaya, a yi musu rajista a wurin mai unguwa da arɗo. Su ne idon hukuma a ciki. Ranar da ka mayar da sana'arsu laifi, ranar suka daina kawo labari, don wanda ya ga sansani ba zai je caji ofis ya ce "ina ƙona gawayi na gani" ba. Sai dai a kiyaye sirrin mai ba da labari. Sunansa ya fita sau ɗaya, an rufe bakin gari duka.

Hajiyar Jekadafari:

Sannunku da ƙoƙari. Daga Gombe nake bibiyar zancen, matsalar kuma ɗaya ce, mu har da zaizayar ƙasa da ke cin unguwanni. Duk kun tsaya a daji, ni bari in koma madafi, don daga nan buƙatar take tasowa.

Ba son hayaƙi ke sa mace ta zaɓi gawayi ba. Gawayi ana sayar da shi a ƙulle a leda, daidai kuɗin da ke hannu yau. Gas kuwa sai ka fara mallakar tukunya da kan murhu, sannan ka cika, ga shi kilo ya haura naira dubu a 2024. Mai samun na yau da yau ba zai tara wannan ba. In ana so a rage gawayi a gari, a raba ƙananan tukwane masu kilo 3 da kilo 6 a biya kaɗan-kaɗan ta hanyar adashi ko ƙungiyoyin mata, a kuma samu wurin cikawa a unguwa mai sikeli na gaskiya. In wurin cikawa ya yi nisa, kuɗin Keke ya cinye ribar, tukunyar sai ta koma ƙarƙashin gado.

Abu mafi araha shi ne kurfoti. Na ƙarfe zalla zafi yana tsiyaya ta jikinsa. Wanda aka yi wa ciki da gasasshen yumɓu, da ƙofar iska da ake rufewa in tukunya ta tafasa, yana rage gawayi kamar kashi ɗaya cikin uku. Matsalarsa in yumɓun bai gasu sosai ba, ko aka kashe wutar da ruwa, sai ya tsage. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya. Kuma don Allah lokacin hunturu kada a shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa da taga. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kisa cikin barci.

Akwai kuma gawayin da ake curawa daga ɓawon gyaɗa, totuwar masara da karan dawa. A ƙona su a durom mai 'yan huji a ƙasa, a rufe kafin su zama toka, a daka, a tankaɗe, a dama kokon rogo kamar kashi 1 cikin 10 na nauyin garin, a cakuɗa, a matse a gwangwani ko bututu, a shanya kwana 3 zuwa 5. In ƙullin ya yi kaɗan zai rugurguje a buhu, in bai bushe ba zai yi hayaƙi, in an cika masa laka don ya yi nauyi toka za ta kashe wutar. Buntun shinkafa ma ana yi da shi, amma tokarsa ta fi yawa.

Shirin dashen itatuwa na Gombe da aka fara a 2019 da burin miliyan ɗaya a shekara abu ne mai kyau, sai dai dashe ba a ƙirga shi ranar biki. A dawo a watan Afrilu a ƙirga wanda ya tsira daga awaki da gara da ƙishi. Kuma manyan masu cin itace, gidajen burodi, makarantun kwana, masu dafa abincin sayarwa, su ya kamata a fara da su, don ana iya ƙirga su a san inda suke.

Ɗan Wunti:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, abu ɗaya ya rage mini. In an ce a tsara maimakon a hana, mai tsaron shinge ta yaya zai gane buhun da ya fito ta halal da wanda aka saro a Lame-Burra? Gawayi ai duk baƙi ne.

Malamin Daji:

Ba a shinge ake ganewa ba, ɗan'uwa, a wurin ƙonawa ake ganewa. Masu ƙonawa su yi ƙungiya a ƙauyensu, a auna musu yanki, a raba shi gida goma ko sama da haka, a sari gida ɗaya a shekara a bar sauran su yi tofo, a hana dabbobi shiga wanda aka sara na damina biyu. Ma'aikacin daji ya sa wa itacen da za a sara fenti kafin a taɓa shi, ya dawo ya ƙirga buhuna kafin a ɗora a mota. Takardar ɗauka ta nuna lambar mota, adadin buhu, inda aka ɗauko, inda za a sauke, kuma ta mutu bayan kwana 2, in ba haka ba takarda ɗaya za ta yi sawu biyar. Kuɗin a biya a banki, kada a biya a hannu. Binciken ya fi sauƙi a wurin dillalan cikin gari: buhunan da ke rumbu su yi daidai da takardun da ke hannu.

Ƙauyen da ba shi da sauran daji ya dasa nasa. Darbejiya ko kasiya a tazarar mita 3 kowane gefe, hekta ɗaya tana ɗaukar kusan 1,100. A dasa a Yuli in ruwa ya zauna, a kewaye da ƙaya, a share gefe kafin gobarar kaka. Itacen turare yana saurin girma amma yana shan ruwa, kada a kai shi kusa da fadama ko rijiya.